Sharhina a Kan Mai Magani

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, ko ni da ya faru a kaina, in na tuna sai na rufe fuska da mayafi in yi ta dariya ni kaɗai. Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Farfesa, kin yi shiru, ko Mai Magani ya cika wandonsa da iska ne?" to ga amsarku ta iso. Amma ku ɗan yi haƙuri in faro daga tushe saboda sababbin zuwa.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Farfesa kuwa ba muƙami ba ne, Gwaggo ce, ƙanwar Baba, ta laƙaba mini tun ranar da ta same ni ina cin abinci da dama, hagu riƙe da littafi. Bincikena a kan abu ɗaya ne, yadda iyaye mata ke ajiye magani a cikin gida. Shi kuma Mai Magani shi ne mai kemis ɗin bakin titinmu, dogo, mai gilashi, yana magana a hankali kamar yana ƙirga ƙwayoyi. Mama ta daɗe tana sayen magani a wurinsa, Gwaggo kuma ta san danginsa kaf. Su biyun suka haɗa baki suka turo shi gidanmu, wai ya kawo wa Baba maganin hawan jini. Maganin da ni nake karɓowa da ƙafata, ku ji fa! Na fito da niyyar ɗaure fuska, ya ɗago ya yi murmushi, niyyar ta bi iska. In taƙaita muku, ina son sa. Na faɗa, ku je ku yi ta yi da ni.

Tun daga nan Mama da Gwaggo suka sa ni a gaba, wai in ba shi amsa iyayensa su zo su ga Baba. In na shiga kicin, Mama. In na fito tsakar gida, Gwaggo a waya. Baba ne kawai ya ce, "Ku bar mini Uwata ta miƙa aikin da ke gabanta tukuna." Haka yake kirana, kuma in ya faɗi haka kowa sai ya ja bakinsa.

Aikin da ke gabana shi ake kira jerin manazarta mai sharhi. Kafin a bar ka ka fita bincike, sai ka jera duk littafi da maƙalar da ka karanta a kan batun, a ƙarƙashin kowanne ka rubuta ɗan sharhi: me marubucin ya ce, ta yaya ya gano, ina ƙarfinsa, ina rauninsa, kuma da me zai amfane ka. Dakta, matar da ke duba aikina, ba ta ɗaukar wargi a kansa. Kullum maganarta ita ce, "Kada ki yi sharhin abin da ba ki karanta ba, kuma kada ki ji tausayin takarda." Ni kuwa kashi na biyun nan na riƙe da hannu bibbiyu.

A cikin jerin akwai wata maƙala da ta fi ba ni haushi. Kun san yadda ake rubuta sunan marubuci a irin wannan aiki: sunan dangi, sai harafi ɗaya ko biyu, sai shekara. Ba fuska, ba komai. Ni a zuciyata na riga na zana shi, wani tsoho ne mai tumbi da ke barci a ofis. Mutumin ya tsaya a wani kemis da bai ambaci sunansa ba, ya tambayi matan da suka shigo ina suke ajiye magani, suka ce a wuri mai sanyi, nesa da rana, nesa da yara. Shi ke nan fa, sai ya rubuta cewa yawancin iyaye mata sun iya ajiyar magani. Ni da na tashi a gidanmu! Na zage na yi masa wankin babban bargo, na karanta wa kaina har sau nawa ina jin daɗi.

Ranar Asabar da la'asar Mai Magani ya turo saƙo: "Ranki ya daɗe, ina hanya. A taimaka a ajiye littafi a saurari talaka."

Gwaggo tana gidan. Ta ƙwace wayar ta karanta, ta tura ni ɗaki. Na ɗauko doguwar rigata baƙa, ta ce, "Makoki za ki?" Ta buɗe durowa da kanta ta zaro mai ruwan toka da zare mai ruwan zinare a wuya da bakin hannu, ta haɗa mini da mayafi ruwan hoda, ta fesa mini turare har na yi tari. Ta goga mini jan baki, na goge, ta sake gogawa. Duk da haka da zan fita sai da na sungumi kwamfutata, tana ta harara.

Yana zaune a falo a kujerar da ke kusa da taga, cikin farar riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu. Na ajiye masa tire, ruwa da lemo da biskit. Ya dube ni ya dubi kwamfutar.

"Na ce a ajiye littafi, sai aka ɗauko uwar littattafai."

"Saura kaɗan in gama. Kai, bari ma in karanta maka wani abu ka sha dariya. Fanninka ne."

"Ina ji."

Wayyo ni! Da akwai wanda zai taka mini ƙafa a lokacin. Na gyara zama, na gyara murya, har da ɗaga yatsa sama kamar mai wa'azi:

"Marubucin ya tsaya a bayan kanta ya tambayi mata ko suna ajiye magani yadda ya kamata. Suka ce e, shi kuma ya gaskata. Bai taka ƙafarsa gida ko ɗaya ba, bai buɗe durowa ko ɗaya ba. Da alama bai taɓa zama gida ɗaya da uwa ba. Abin da ya auna shi ne ladabin mata a gaban mai kemis, ba ajiyar magani ba."

Na ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Shi kuwa ya cire gilashinsa ya shiga gogewa da bakin riga.

"Wace shekara aka buga ta?" ya tambaya.

Na faɗa masa.

"A wace mujalla?"

Na faɗa masa wannan ma, na ƙara da cewa, "Ni mamakina ma waɗanda suka yarda suka buga. Ko dai 'yan uwansa ne?"

Ya ɗauki ruwa ya shanye kofi guda bai numfasa ba. Ya ce, "Lallai kin karanta ta da kyau." Bai taɓa biskit ɗin ba, shi da yake cinye faranti ya ce a ƙaro. Can ya dubi agogo ya ce ya bar kemis ba kowa, ya miƙe. Na raka shi bakin ƙofa ina cewa ko kansa ke ciwo, ya ce a'a, lafiya lau. Ni baiwar Allah har ce masa na yi ya sha magani.

Na dawo na tarar da Gwaggo a falo, ta ɗauki takardun da na buga tana fifita da su. Ta ce, "Yau kuma me kika yi masa ya fita kamar an kore shi?"

"Ba komai, Gwaggo. Hira muka yi."

Ta sa gilashinta ta duba takardar saman, wai ta ga abin da ke hana ni aure. Sai na ga ta kai yatsa kan layin farko.

"A'a! Ina kika samo sunan kakan Mai Magani?"

"Kakan wa?"

"Kakansa na wajen uba, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Ai da sunan tsohon aka sa shi makaranta, duk takardunsa shi ne a jiki. Ga harafin sunansa nan, ga na babansa. Allah sarki, ashe har littafi ya rubuta! Me kika ce a kansa?"

Jama'a! Na zame na zauna a kan kafet da kwalliyata da komai. Ni sunansa da na babansa na sani, su ne a allon kemis. Ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da tsoho mai tumbin nan ba. Na tuna ranar da na fara gaya masa batun bincikena, yadda ya yi wani murmushi ya ce, "Fanni ne mai kyau, ki karanta sosai." Ashe, ashe!

Gwaggo ta karanta sharhin a fili, tana yi tana salati. Da ta kai wurin "bai taɓa zama gida ɗaya da uwa ba" sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwala wa Mama kira.

"Fito ki ga abin da 'yarki ta yi! Mun kawo mata miji har falo, ta zaunar da shi ta ba shi lemo ta zage shi tas, har da uwarsa!"

"Ni ban zagi uwarsa ba, Gwaggo!"

"Rufe mini baki, Farfesar banza!"

Mama ta fito da ludayi a hannu. Da ta gane zancen ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta zauna a hannun kujera ta ce, "Ki goge. Ba a kwamfuta yake ba? Ki danna ki goge, ki kira shi ki ce wasa kike yi."

"Mama, aikin makaranta ne."

"To ki juya shi ya zama yabo," in ji Gwaggo. "Buɗe, ni zan faɗa miki. Rubuta: wannan bawan Allah, ɗan gidan mutunci, ya yi bincike mai zurfi wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ga ilimi ga kunya. Ba ya sayar da jabun magani."

Ina cikin tashin hankali amma sai da dariya ta kuɓuce mini. Ta jefe ni da filon kujera.

Na shiga ɗaki na tura masa saƙo: "Don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban san kai ne ba." Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Daga ƙarshe abin da ya shigo shi ne: "Na sani. Shi ya sa na yarda da gaske kike." Daga nan ɗif. Washegari ba gaisuwar safe, ba "kin ci abinci?", ba hoton kyanwar da ke kwana a ƙofar kemis ɗinsa da yake turo mini kullum. Na duba wayar nan har caji ya ƙare, na sa ta a wuta na tsuguna a gefen soket ina ci gaba da dubawa.

Ba zan ɓoye muku ba, na gwada abin da Mama ta ce. Na goge sharhin na rubuta, "Wannan maƙala ta yi ƙoƙari matuƙa." Na dube shi na ji kamar na sa takalmin wani. Ga abin da ke cina: in na bar gaskiyar, wataƙila na rasa mutumin da nake so. In na goge ta, na fara zama da shi ke nan da ƙarya, kuma duk ranar da na ce masa "ka yi daidai" ba zai san ko da gaske nake ba. Sai na ce bari in bi ta tsakiya, in cire maƙalar daga jerin gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ranar Litinin na tafi ofishin Dakta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, takardu sun cinye kujeru, fanka tana juyawa tana ƙara, ita kuma tana zaune da jan biro a bayan kunne. Na miƙa mata tsohon kwafin na ce, "Dakta, ina so in cire wannan."

Ta karanta. Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi.

"Saboda me?"

"Ba ta da ƙarfi."

"Shi ya sa za ta zauna. Shi ya tambaya a bakin kanta, ke za ki shiga gidaje ki gani da idonki. In kin cire ta, wane giɓi za ki ce kin zo cikewa? Wannan maƙalar ita ce ƙofar bincikenki." Ta zaro jan biron. "Amma wannan layin na uwa, sharhi ne ko baƙar magana?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ce kada ki ji tausayin takarda, ban ce ki yi mata rashin kunya ba. Kuma ina ƙarfinta? Kin faɗi rauni kin tsallake ƙarfi. Kafin shi, wa ya taɓa tunanin tsayar da matan nan ya tambaye su? Rabin aiki kika yi." Ta ja layi ta miƙo mini, sannan ta ƙare mini kallo. "Kin san marubucin ne?"

Na ce, "Yana... yana zuwa gidanmu."

Wallahi tunda nake da matar nan ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har ta cire biron daga hannu ta ajiye. Ta ce, "To ki rubuta abin da za ki iya karantawa a gabansa ba ki sunkuyar da kai ba, kuma ki iya karantawa a gabana ban kore ki ba. Jeki."

Na wuce ɗakin karatu na sake karanta maƙalar daga farko, wannan karon ba da neman abin dariya ba. Sai ga abubuwan da na tsallake. Tambayoyinsa a tsare suke, da harshen da kowace uwa za ta gane. Ɓangaren da ya yi a kan maganin da wa'adinsa ya wuce, ban ga mai kyansa ba a duk jerin. Raunin kuma yana nan inda yake, bai matsa ko'ina ba. Na rubuta sabo:

"Wannan ita ce maƙala ta farko da na samu da ta tambayi iyaye mata kai tsaye, kuma tambayoyinta masu sauƙi ne da zan aro wasu. Rauninta shi ne an dogara da abin da mata suka faɗa a gaban mai kemis, ba a shiga gida an gani ba, don haka sakamakon ya fi hujjar girma. Bincikena zai fara daga inda ta tsaya."

Na tura masa kafin in miƙa. Na rubuta a ƙasa: "Na cire rashin kunyar, ita kam ban kyauta ba. Sauran ba zan iya cirewa ba. Wannan zan miƙa." Alamar ya karanta ta fito, shi ke nan. Na share hawayena da bakin mayafi, na hau bene na miƙa wa Dakta aikin. Da na gaya musu a gida, Gwaggo ta ce ta cire hannunta a lamarina, ta ɗauki jakarta ta tafi, ta kai bakin ƙofa ta dawo wai ta manta ba ta ci abinci ba.

Kwanaki suka shuɗe shiru. Ko ta gaban kemis ɗin na daina bi, sai in zagaya ta bayan makarantar yara.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke, sanye da tsohuwar rigar barci da ɗankwalin Mama da ya koɗe, kumfa har gwiwar hannu, sai na ji sallama. Muryarsa! Na nemi hanyar ɗaki, Gwaggo da ta cire hannunta a lamarina ta riga ta buɗe masa ƙofa tana, "Maraba, maraba da ɗan albarka!" Ya shigo da jaka a kafaɗa. Ya gaishe da Baba da ke karatun jarida a falo, ya dube ni sau ɗaya da kumfata, ya danne dariya, sannan ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, yau wurinki na zo. Tambaya gare ni. Ina kike ajiye magani?"

Mama ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta ce da wata murya ta mutanen kirki, "A wuri mai sanyi, nesa da rana, nesa da yara. Ai ka taɓa tambayata a kemis shekarun baya, har ka rubuta a takarda. Abin da na gaya maka ke nan."

Na saki soso. Ashe Mamata tana cikin matan maƙalar!

"Haka ne, Mama. To don Allah a nuna mini wurin."

Mama ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi silin.

"Wurin... ai a hargitse yake yanzu."

"Ba komai, Mama, ni ɗanki ne."

Baba ya sauke jarida ya ce, "Ku kai shi mana." Da gani yana jin daɗin abin.

Muka ɗunguma kicin. Mama ta miƙa hannu kan kantar da ke saman murhu, daidai inda tururin tukunya yake bugawa, ta sauko da gwangwanin biskit. Ya buɗe. Ƙwayoyi ne a zube ba kwali, fari da ja da rawaya, tare da allura da zare da maɓallan riga da makullin da ba wanda ya san na ina ne. A bakin taga kuma, cikin rana tsaka, kwalbar maganin tari ce tun ta lokacin da nake sakandare, ta yi kauri ta koma kamar zuma.

"Wannan na mene ne, Mama?" Ya ɗaga wata ƙwaya ja.

"Na ciwon kai. Ko na ciki. Ɗaya daga ciki dai."

Ya dubi ƙwayar, ya dubi Mama, ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mutumin nan mai magana kamar yana ƙirga ƙwayoyi ya jingina da firij ya yi ta dariya har gilashinsa ya yi hazo, hawaye na zuba. Mama ta ce, "To ai kai ne ka tambaye ni a gaban mutane, da farar rigarka! So kake in ce a kan murhu?" Gwaggo ta tuntsire da dariya, Baba yana bakin ƙofa yana tafa hannu, ni kuwa ina dariya ina kuka, na rasa wanne zan tsayar.

Da ya samu numfashi ya ciro wayarsa ya miƙo mini. Hotuna ne rututu. Magani a cikin kwanon sukari. Magani a ƙarƙashin katifa. Magani a aljihun jakar makarantar yara.

"Gidan yayyena ne da na ƙannen babana," ya ce. "Na farkon nan kuwa ɗakin mahaifiyata ne. Duk satin nan abin da nake yi ke nan."

"Shi ya sa ka yi mini shiru?"

"Ranar farko fushi nake yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Maƙalar nan ita kaɗai gare ni. Na yi shiru tun farko ne ina jira ki ci karo da ita, ki zo kina cewa ashe kai ne, ashe haka kake da ilimi." Ya shafa ƙeya. "Sai kika zo da wuƙa. Na ce bari in je in tattaro hujjar da zan ƙaryata ki. Ga hujjar nan a hannunki."

"Ka yi haƙuri da maganar uwa."

"Wannan kam ta yi zafi, don a gidan kakana na tashi. Kin ga kuwa ashe nan ma ba ki yi ƙarya ba." Ya rage murya, duk da cewa mutum uku sun kasa kunne a bayanmu ba ko kunya. "Da kin turo mini yabo a saƙo na biyun nan, da ban dawo ba. Masu ce mini na yi daidai suna da yawa, kullum suna shigowa kemis. Ga Mama nan."

"Kai, ka kiyaye ni!" in ji Mama.

"Ina so in sake binciken nan, a shiga gidaje. Amma ba ni kaɗai ba. Sunanki a gaba, nawa a baya. Kuma..." Ya juya ya fuskanci Baba, ya sunkuyar da kai. "Baba, an ce sai ta miƙa aikinta. Na ji ta miƙa."

Gwaggo ta damƙe hannun Mama. Baba ya naɗe jaridarsa a hankali, ya dube ni, ni da rigar barci da kumfa a hannu.

"Uwata, ke ce mai sharhi. Kin yi wa takardarsa. Shi fa, me kika gani?"

Kunya kamar in shige cikin gwangwanin biskit ɗin. Na ja ɗankwalin Mama na rufe rabin fuska. Amma Dakta ta ce in faɗi abin da zan iya faɗa ban sunkuyar da kai ba, don haka na ɗago.

"Na karanta shi da kyau, Baba. Yana da rauni, yana saurin yarda da mutane, kuma in ya yi fushi sai ya yi shiru ya bar mutum da tsugunno a gaban soket. Ƙarfinsa shi ne in an gaya masa gaskiya yana zuwa ya duba." Na dube shi. "Ba zan cire shi daga jerin ba."

Gwaggo ta saki wata ƙara da ta sa kyanwar maƙwabta ta diro daga katanga. Ta rungume ni da kumfar da komai tana cewa, "Farfesata! Ai na san ilimin nan zai yi rana!" Ita da ta ce Farfesar banza, ku shaida. Mama tana share ido da bakin mayafi, ɗaya hannun kuma tana ƙoƙarin tura kwalbar maganin tarin bayan tukunya kada a zubar mata. Baba ya ce, "To, ka gaya wa manyanka ƙofa a buɗe take." Mai Magani bakinsa har kunne, ya rasa inda zai sa hannunsa sai ya rungume gwangwanin biskit.

Muna cikin haka wayarsa da ke hannuna ta ɗauki ƙara. Na duba, an rubuta "Mahaifiyata". Na miƙa masa da sauri. Ya ɗauka, ya saurara, na ga murmushinsa ya ɗan karkace. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ke take nema."

"Ni? Me na yi?"

"Jiya na kwashe mata magungunanta kaf na zubar. Ta tambayi wa ya sa ni, ni kuma kin san ba na ƙarya."

Na goge kumfar a jikin rigata, na karɓa da hannu biyu, na durƙusa a tsakiyar kicin kamar tana ganina. Na yi sallama da 'yar siririyar murya.

"Ke ce yarinyar da ta ce ɗana bai san uwa ba?"

Na runtse ido. "Ni ce, Mama. Amma..."

"Yawwa. Shekara da shekaru ina gaya masa bai san komai a kaina ba, ba ya ji, sai da kika rubuta a takarda. Ki shirya gobe ki zo in gan ki. Kuma ki taho da biro, akwai sauran abubuwan da za ki rubuta a kansa."